Ɗalibai 68, minti 40: ta yaya kowa zai taka rawa a wasan kwaikwayo?

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da wasan kwaikwayo a aji 2 na ƙaramar sakandare, cikin darasin al'adu da fasaha. Ɗalibai 68 ne, minti 40 kacal a mako. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Da farko na fito da yara 8 gaban allo, saura suna kallo. Ba a jima ba na baya suka koma hira, wasu suka kifa kai a benci. Sai na raba su rukuni 6, kowa ya yi gwaji lokaci guda. Jan benci kaɗai ya cinye minti 10, hayaniya kuma ta sa malamin ajin da ke maƙwabtaka ya leƙo ya yi magana. Na kai su gindin darbejiya, iska ta kwashe murya, 'yan matan kuma suka ƙi buɗe baki saboda masu leƙe ta taga.

Saura mako 5 jarrabawa, fiye da rabinsu ba su taɓa fitowa ba, alhali akwai masu baiwa a cikinsu.

Don Allah, wane tsari kuke bi har kowane yaro ya samu fitowa, a cikin aji, cikin minti 40?