Tura mata saƙo a farkon soyayya ba tare da fargaba ba

Jiya a majalisa muka sha hira kan wannan, ga abin da na tsinta. Yawanci sun ce a daina "slm, ya kike" kullum ba komai a bayansa, ka ɗauko wata magana da ta yi ranar da kuka haɗu ka tambaye ta a kai, sai ta san ka saurare ta. In ta yi shiru kar ka jero mata saƙo goma, ƙila data ce ta ƙare ko tana aikin gida, wallahi nan na fi yarda, don naci yana korar mace. Banda "masoyiyata" tun ba a je ko'ina ba. In da gaske kake, ce mata kana son zuwa zance gidansu, ta sa maka rana.