Kwamfutar tebur tana gunji kamar injin niƙa, ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutar tebur ce ta ofis, tokumbo, mai firosesa Core i5. Da an kunna ta shiru take, amma bayan minti goma sai gunji ya tashi, wani lokaci har da kar-kar. Fanka zan saya ko akwai abin da zan fara dubawa?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Malam, kar ka sayi komai tukuna, ka fara gano wanda ke kukan. Buɗe murfin gefe, kunna ta, ka ɗora yatsa a tsakiyar kowace fanka na daƙiƙa biyu, ba a kan fukafukan ba. Wadda ka tsayar ƙarar ta ɗauke, ita ce. Fankar akwatin wuta kuwa, wato wanda wayar filogi ke shiga, ka kasa kunne kawai, kar ka zura mata komai.

Yadda ka ce sai ta ɗan jima take farawa, zafi ne. Ƙura ta toshe haƙoran alminiyum da ke ƙarƙashin fankar firosesa, iska ba ta ratsawa, sai babban allon cikin kwamfutar (madabod) ya ƙara mata gudu. A hunturu wata biyu ya isa ƙurar ta yi kauri kamar bargo. Kashe, zare filogi, fita da ita waje ka busa da bulowa. Ka riƙe fankar kafin ka busa, domin in iska ta juya ta fiye da kima boris ɗinta yana lalacewa.

In an share ba ta sauya ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe. Cire ƙarfen, goge tsohon da sifirit mai ƙarfi, irin na kashi 90 zuwa sama, a tsumma mara gashi. Sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka mayar. In mai fil huɗu na roba ne irin na Intel, ka danna biyu masu kallon juna a kusurwa, sannan sauran biyun, kowanne ka ji ya ce ƙas. Ɗaya ya ƙi zama, zafin ya fi na da.

Injiniya: Ƙari a kan na mai gyara: ka auna, kar ka yi kirdado. Sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin firosesa. Tana zaune ba aiki, digiri 35 zuwa 50 lafiya ne. In tana kusan 70 ba ka buɗe komai ba, duba Task Manager, wurin da Windows ke nuna manhajojin da ke aiki, wata manhaja na iya cin firosesan a ɓoye. Sannan a BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, in allonka ya ba da dama, mayar da fankar kan tsarin shiru. Mai waya huɗu ta fi saurin biyayya. Mai uku sai an rage mata wuta ƙasa da bolt 12, kuma ba kowane allo ke yin haka ba.

In sauyawa ta kama kuma akwai wuri, sa mai milimita 120 maimakon 80. Babba tana tura iska ɗaya da ƙarama ba tare da ta yi gudu ba. Amma ka duba bakin wayar: yawancin tsofaffin Dell OptiPlex nasu mai fil biyar ne, fankar kasuwa ba ta shiga sai da adafta.

Mai gyara: Na manta kar-kar ɗin. Ko waya ce ke taɓa fukafuki, ka ɗaure ta gefe, ko boris ya bushe. Ɗaga sitikar bayan fankar, ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Zai kai ka 'yan watanni, ba magani ba ne. Murfi mai rawa kuma ƙara ɗaure sukurori, ka sa roba a ƙarƙashin ƙafafun.

Ɗan kwamfuta: In ƙas-ƙas ɗin daga had disk, wato ma'ajiyar fayiloli, yake fitowa, a bar maganar ƙara, a kwashe fayiloli yau, mutuwa yake shirin yi. SSD, sabuwar ma'ajiyar da ke maye gurbinsa, ba ta da abin da ke juyawa, shi kuwa yawanci yana zagaye 7200 a minti. In kuma zizar tana zuwa ne sai kana kan inbata, ƙaramar inbata ce mai ba da wutar da ba ta da santsi, akwatin wutar ke amsawa. Kar ka buɗe shi, yana riƙe caji ko an zare filogi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Ta firosesa ce, HWMonitor ya nuna 78 ba na komai. Gobe zan busa ta in sayo man.