Manomi zai iya samun takardar zama na dindindin a Kanada?

Ɗan Kadawa: Salamu alaikum jama'a. Wanda ya yi shekara 15 yana noman shinkafa da tumatir a gonarsa, yana da tarakta, wace hanya zai bi ya samu zaman dindindin a Kanada? Wani ejan ya ce naira miliyan 8 ta isa, har da aikin gona.

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba shi ko kwabo. Dokar Kanada ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki a hannun ma'aikaci, kuma takardar LMIA, wato izinin ɗaukar ma'aikaci daga ƙasar waje, mai gonar da zai ɗauke ka aiki a Kanada ne ke nemanta. Shirin da ejan-ejan suka fi ambata, Agri-Food Pilot na ma'aikatan noma da sarrafa abinci, an rufe shi a watan Mayu 2025. Ko lokacin da yake buɗe ma sai ka yi awa 1,560 kana aiki a cikin Kanada. Shirin ma'aikatan kaka na SAWP kuwa na Meziko da ƙasashen Karebiyan ne kawai. Kafin ka zauna da kowane mai ba da shawara, duba sunansa a rajistar CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan shige da fice na Kanada lasisi.

Baban Khadija: Manomi mai gonar kansa hanyarsa ta jiha ce, kuma kuɗi take ci. Jihar Manitoba tana neman dukiyar da ta kai dalar Kanada 500,000, sama da naira miliyan 500 ke nan a canjin 2025, ka zuba aƙalla 300,000 a gona, da shaidar shekara 3 kana tafiyar da gonarka. Sai ka je ka ga yankin da idonka kafin ka rubuta tsarin kasuwancinka. Jihar Saskatchewan ta rufe nata shirin a watan Maris 2025, don haka kada tsofaffin bidiyoyin YouTube su ruɗe ka.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne takardu. Gonar gado da ba ta da C of O, hatsin da aka sayar a Dawanau hannu da hannu ba rasit, kuɗin da bai taɓa shiga banki ba, duk jami'in da ke duba takardunka ba zai lissafa su ba. Fara yanzu: yi wa gonar takarda, yi rajistar CAC, ka riƙa biyan haraji, cinikin taki da iri ya bi ta asusu guda. Kuma noman can daban ne: alkama da kanola a kan dubban eka, damina guda gajeriya, ga dusar ƙanƙara.

Mai Lissafi: Ƙari kan maganar Baban Khadija. In jarin bai kai ba, akwai shirin ƙauyuka na RCIP da aka fara a 2025 a garuruwa 14, ciki har da Brandon da Moose Jaw. Sai dai sai kamfanin da garin ya amince da shi ya ba ka aiki, kuma aikin da ka yi wa kanka ba ya shiga lissafi. Manajan gona mai takardar albashi ya fi mai gonar sa'a a nan. Jarrabawar Turanci ta IELTS General ake yi, sakamakonta yana ƙarewa bayan shekara 2. Takardar bogi guda ɗaya, ko da ejan ne ya cusa ta, tana jawo hani na shekara 5.