Elon Musk: Haziƙi Ne ko Mai Jari?

Ɗan Rimi:
Sallama gare ku, ma'abota waƙa,
Zancen Elon Musk na kawo mu saƙa.
Ni dai a guna haziƙi ne ba shakka.
Sau uku rokarsa Falcon 1 na faɗuwa, bai yi kuka,
Ta huɗu a 2008 ta kai falaki ta tsallaka.
A 2015 Falcon 9 ta kai kaya sama, ta dawo ta sauka
Tsaye kan ƙafafunta, ba karaya, ba fashewar roka.

Hajiya Mai Alƙalami:
Sannu ƙanena, amma ka yi gaggawa.
Tesla mai ƙera motoci da ake yabo, ba shi ya kafa ta ba tun farawa.
Eberhard da Tarpenning ne a 2003 suka yi shukawa,
Shi a 2004 ya zo da jari, ya kama ragama yana ja wa.
Injin roka Merlin, Tom Mueller ne ya jagoranci ƙerawa,
Sunansa ko a kanun labari ba ka cika jinsa ba kuwa.
Ga NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da kwangilar dala biliyan 1.6 lokacin da aljihu ke bushewa,
Ba don kwangilar nan ba, da kamfanin rokarsa SpaceX ya kama hanyar rufewa.

Ɗan Rimi:
Yaya, masu kuɗi ai sun cika Amurka,
Me ya hana su zuba nasu a roka?
Kuɗin da ya samu a cinikin kamfanin PayPal ya kwasa, ya zuba kusan duka,
A mota da roka, ana masa kallon mai hauka.
Gane gwani da riƙe shi baiwa ce, ba a haƙa.

Baba Na Tudun Wada:
'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki.
A harkar roka na sara masa, ya yi aiki.
Starlink ma ta shigo Najeriya a 2023, na ga abin mamaki,
Ƙauyen da ba sabis ya samu intanet daga falaki.
Amma Twitter fa? Dala biliyan 44 ya zube a 2022 cikin ɗoki,
Ya kori ma'aikata dubbai, masu talla suka kwashe kaya suka bar ɗaki,
Ya sauya mata suna zuwa X, tsuntsun ya tashi da fiffiki.
Motar da za ta tuƙa kanta kuma, kullum "baɗi" yake cewa da baki,
Baɗin ta zo ta wuce sau da yawa, direba na nan riƙe da birki.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ka ji Baba, ƙanena, sai ka yi saurarawa.
Ɗan kasuwa ne mai taurin kai, wannan na yarda kuwa,
Amma ku da kuke kiransa masanin komai, ku rage zuzutawa.

Ɗan Rimi:
To Yaya, da wane intanet kika turo mana wannan waƙa?

Hajiya Mai Alƙalami:
Da datar ɗari biyar, yaro, kuma ba Musk ya saka mini ba, ni na saka.