Ƙarar birki a Prius 2010, me ke damunta ne?

Baban Ummi:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu Prius ku taimaka min. Tawa 2010 ce 'yar Kwatano, wata huɗu kenan da na saye ta. Da safe in na fito na taka birki sai inji ƙuuu kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, kuma sai na zo daf da tsayawa yake yi, in ina gudu shiru. Sannan akwai wani zzzz daga gaba ta ɓangaren direba, ko ban kunna motar ba ina buɗe ƙofa yake farawa. Makanikena yace fad ɗin birki, wato abin da ke matse faifan taya, da sauransa sosai amma wai mu canza mu gani, ni kuma wannan "mu gani" ɗin ce bana so wlh.

Ɗan Zariya:
Tsatsa ce kawai yallaɓai, damina ake. Tawa ma haka take in ta kwana a ruwa.

Oga Gareji:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abu biyu ka haɗa. Na farkon Ɗan Zariya ya yi gaskiya, ita wannan motar in ka taka birki kana gudu yawanci ba fad ke riƙe ta ba, injin lantarkinta ne ke rage mata gudu yana caja batir, sai gudu ya sauko wajen kilomita 11 a awa sannan fad ya karɓa, shi yasa faifan baya samun gugar da zata share tsatsa kuma shi yasa a nan kake jin ƙarar. Ka samu titi ba kowa ka sa giya a N ka taka birki da ɗan ƙarfi sau uku ko huɗu, a N bata caji, fad ne zalla. In bai tafi ba a ciro fin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, a wanke a sa giris, ƙura da rashin aiki na sa su ƙage.

Shi zzzz ɗin famfon birki ne yake tara iko, wato matsin man birki, kafin ka tashi, haka Toyota ta yi shi. Amma ka lura min, daƙiƙa nawa yake yi, kuma yana maimaitawa kana tsaye?

Baban Ummi:
Na gwada N ɗin yanzu a hanyar gida, ƙuuu ya tafi Alhamdulillah. Amma famfon kam ko a danja ƙafata na kan birki sai ya yi ya tsaya ya sake, baya cika minti ɗaya.

Oga Gareji:
To wannan ne banso ji ba. Alamar akumuleta (tukunyar da ke ajiye ikon) ko akcuweta (na'urar da ke raba shi wa tayoyi) na yoyo ta ciki ne, iko na zubewa famfo na ta cikawa. Je a sa mata kwamfuta tun fitilun ABS basu kama ba, in ta kawo C1391 ko C1256 shi ne. Dama a 2013 Toyota ta kira wasu Prius 2010 a dawo da su gyara saboda akumuletan nan, a duba lambar chasis ko an yi wa taka. Kuma dan Allah kar yaro ya kwance kalifa bai cire batir ƙarami ba, wani na buɗe ƙofa famfo zai turo fistin waje, man birkinta ma yawanci da kwamfuta ake fitar masa da iska.

Maman Sadiq:
Mu tamu sai da aka canza, na Beljiyam muka samo a Ƙofar Ruwa, kafin nan har gilmawa take ɗan yi in an taka. Baban Ummi kar ka hau hanyar Kaduna da ita haka dai.