Kalmar "date": abin da aka tattauna a fada

Ɗalibai masu koyon Turancin Ingilishi a wata fada (majalisar hira ta matasa) a Yamai sun zauna kan kalmar date, ga abin da shawararsu ta tsaya a kai.

Wanda ya yi lakkol da Faransanci ya san date da kwanan wata, kuma haka take a Ingilishi. Matsalar tana wajen rubuta lambobin. Mu nan rana muke fara sakawa, sannan wata, haka ma a Ingila. Amurkawa kuwa wata suke gabatarwa. Ka ga 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Nan aka fi daɗewa, kuma ya cancanta, domin mai cike takardar biza ko neman gurbin karatu zai iya ɓata ranar haihuwarsa da hannunsa. Shawarar ita ce a rubuta sunan watan da haruffa duk inda takardar ta ba da dama.

Date kuma dabino ne. Faransanci na rubuta nasa da t biyu.

Sai ta samari: fitar saurayi da budurwa, har wanda aka fita da shi ana kiransa date. Saboda haka aka ja kunne, kada ka kira ganawarka da likita ko malama da wannan suna, appointment ake cewa.

A kwalin magani ko gwangwanin madara, expiry date na nufin ranar da kayan ya daina amfani. A duba kafin a biya kuɗi.