Me za mu kira "accreditation" kafin labaran ƙarfe huɗu?

Sada: Jama'a, a taimaka. Ina fassara labarin zuwan tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wata jami'a don "accreditation", ƙarfe huɗu za a karanta shi a rediyo. Ba izinin kafa jami'a ake nufi ba, kwas-kwas suke bi: malamai nawa, masu digirin digirgir nawa, laburare, ɗakunan gwaji, har takardun jarrabawar baya.

Binta: Tantancewa mana.

Malam Lawal Daura: Tantancewa ta gaji. Mai zaɓe a tantance shi, ɗan fansho a tantance shi, maniyyaci ma haka. Kuma dubawar kaɗai ta ɗauka, ta bar hukuncin. Ai hukunci uku ne: cikakke na shekara 5, wanda sai kwas ya kai maki 70 cikin 100, na wucin gadi na shekara 2, sai wanda aka hana, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Ni ijaza na ce tun bara.

Binta: Allah gafarta Malam, ijaza malami ke ba almajirinsa. Nan hukuma ce ke ba sashe.

Malam Lawal Daura: Ɗiyata, a ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani za a koya mana ma'anar ijaza? Muna shaidar ilimi tun ba a san NUC ba, ita da sai 1962 aka kafa ta.

Kabir: Ijaza Larabci ce, kwas Turanci. Ina Hausar? A ce awon fanni.

Binta: Fanni ma Larabci ne, Yaya Kabir.

Kabir: To, ku jira Kanawa su raɗa, ku kwasa kamar kullum.

Sada: Uku da rabi ta yi fa!

Hajiya Rabi: Sada, raba su. Zuwan tawaga tantancewa, hukuncin kuma sahalewa: cikakkiyar sahalewa, ta wucin gadi, ko hana sahalewa. Zai yi maka ko NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ce ta je Hassan Usman Katsina Polytechnic, ko NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, ta je Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Katsina. Uban da ke biyan kuɗin makaranta so yake ya ji ko takardar ɗansa za ta karɓu.

Sada: Na ɗauka, Hajiya. Na gode.

Malam Lawal Daura: Sahalewa ta yi wa shekara 5 sauƙi da yawa. Ku karanta ta yau, amma a ajina ijaza zan ci gaba da cewa.